Tambayoyin Baffa Mamman

Assalamu alaikum, jama'ar da ke biye da ni a wannan shafi. Na karanta sharhinku. Masu zagina sun fi masu yi min addu'a yawa, kuma ban ce kun yi laifi ba. Ku dai bari ku ji abin da ya faru ranar Asabar, sannan ku ƙara.

Saboda waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Tayyiba, shekaruna ashirin da uku. A cikin ganuwar Zariya nake, unguwar Magajiya, lungun da mai Keke Napep ke sauke ka a bakin masallaci ya ce ka ƙarasa da ƙafa. Mahaifina Malam Nasiru ɗinkin hannu yake yi na babbar riga. Riga ɗaya mai aska takwas takan ci masa wata uku a zaure, kuma bai taɓa sakin aiki da zare ɗaya a karkace ba. Yadda yake da riga haka yake da mutane. Ni kuma ina tsaron wani kyamis a Ƙofar Doka.

A kyamis ɗin na san Umair. Duk mako sai ya zo sayen bandeji da man zafi, har na tambaye shi ko asibitin karaya ya buɗe. Ya yi dariya ya ce a'a, shi ne kocin Gwarazan Kufena, ƙungiyar zari-ruga. Idan ba ku san wasan ba, ba ku kaɗai ba ne. Ƙwallo ce mai siffar gwanda, a rungume ake gudu da ita, ƙattai goma sha biyar suna neman su kai ka ƙasa. Shekara tara ke nan da ya tara 'yan gareji da 'yan acaɓa a wani fili a Tukur-Tukur ya koya musu, har suka shiga gasar Arewa. Kwamiti ne na mutum bakwai ke riƙe da ƙungiyar, su ke biyansa, su suka ba shi ɗakin da yake zaune da mahaifiyarsa a Tudun Jukun. Daga baya bandejin ya zama dalili kawai. Wani lokaci sau huɗu yake zuwa a mako, ya tsaya a bakin kanta yana kirana Likita.

Bana wasa ya juya musu baya. Sau huɗu a jere ana cin su: Kano, Jos, Kaduna, sannan Kano kuma, a gida, gaban jama'a. Kwamiti ya rabu biyu. Uku suka ce a sallame shi, ya tsufa da dabara ɗaya. Uku suka ce wanda ya haƙa rijiya ba a hana shi guga don shekara ɗaya ruwa ya ja baya. Na bakwai, shugabansu Alhaji Muhsin, ya ce a bari sai zaman ranar Asabar bayan La'asar.

A cikin wannan hali manyan Umair suka zo gaisuwa gidanmu. Baba ya karɓe su da mutunci, ya ce musu magana biyu. Ba ya ƙin mutum don sana'arsa baƙuwa ce, amma sai ya yi bincike. Kuma ba ya ba da 'ya ga wanda ba shi da abin yi.

Kun san yadda ake bincike a wurinmu. Dattijo ake tura. Ba zai ce wa ya aiko shi ba, ba zai ce don me ba, saboda in abin bai yiwu ba kada sunan yarinya ya shiga bakin duniya. Wanda aka ɗora wa aikin shi ne yayan Baba, Baffa Mamman, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya amma har yau ba ya fita sai da biro biyu a aljihu da ɗan littafi mai baƙin bango.

Ga laifina na farko. Ranar Lahadi ina tankaɗen garin tuwo Umma ta matso kusa da ni ta ce a hankali, “Gobe Baffanku zai je Tudun Jukun. Ki riƙe bakinki. Wallahi in yaron nan ya ji daga gare ki, ban yafe ba.”

Na ce, “Umma, me maƙwabta suka sani? Da asuba yake fita. A ce wa Baffa ya je fili ya tambayi yaransa. Su suka san shi.”

Alfahari ne ya sa ni. Ina so Baffa ya ji yadda ƙattai ke yabon wanda na zaɓa. Umma ta kai maganar, Baffa ya ce shawara ce mai kyau.

Litinin da sassafe ya saka rigar da Baba ya ɗinka masa ta zuwa ɗaurin aure, shadda ruwan toka, ya kafa hula zanna, ya hau tsohuwar Vespa ɗinsa. Ya zauna a gindin dalbejiya har aka tashi atisaye, ya bari Umair ya hau babur ya tafi, sannan ya fara kiran 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya. Da hantsi ya dawo. Ni da Umma da matarsa Inna Kande muna soron ciki, mun yi tsit kamar masu tsintar shinkafa, alhali kunnenmu na zaure.

“Nasiru, mutum goma sha ɗaya na tambaya,” in ji Baffa, muna jin yana buɗe takarda. “Salla, yana yi a kan lokaci, shi ke jan su ma. Sigari, babu. Ƙwaya, babu. Maganin tari, babu. Mata, babu mai zuwa wurinsa. Faɗa kuwa, akwai, sun ce in ya buɗe baki har unguwa ta uku ana ji. Amma bai taɓa dukan kowa ba. Wani ya ce ya taɓa korarsa wata guda don ya ji warin wiwi a jikinsa, kuma shi ya je ya dawo da shi da kansa.”

Baba ya ce, “Madalla. A ba ni mako guda in roƙi zaɓin Allah.”

Inna Kande ta mintsine ni a cinya. Ni kuwa ranar ko abinci ban iya ci ba don murna. Laraba Baffa ya tafi ta'aziyya ƙauye wajen Giwa, inda ko waya ba ta shiga.

Talata da rana ina kyamis saƙon Umair ya shigo.

“Likita, akwai matsala. Jiya bayan na tafi wani dattijo ya zo fili yana yi wa yarana tambayoyi a kaina. Yana rubutawa.”

Na rubuta, “Wane irin dattijo?”

“Farin gemu, babbar riga, Vespa. Wai duk amsar da aka ba shi sai ya ce, ‘Ka tabbata? Za ka iya maimaitawa a gaban kowa?’ Yana tambayar ko ina shan ƙwaya. Ni, Likita! Ban san wa ya turo shi ba.”

Kalma uku kawai ake bukata: Baffana ne, Umair. Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na tuna rantsuwar Umma, na goge. Abin da na tura shi ne, “Allah ya kyauta. Ka yi ta addu'a.”

Zan iya ce muku biyayya ce ta hana ni. Zan iya cewa kunya ce. Ƙarya ne. Tsoro na ji kada ya ce, ashe gidanku ɗan ƙwaya kuka ɗauke ni. Na zaɓi ya kwana cikin zullumi da ya yi fushi da ni na minti goma. 'Yan uwana mata, kunyar da wani ke ƙonewa a kanta ba kunya ba ce, son kai ne ya saka hijabi.

Na ɗauka abin zai wuce. Bai wuce ba.

Akwai zauren magoya baya a Wasap, mutum fiye da ɗari biyu. Umair ya saka ni tun bara, ban taɓa cewa uffan a ciki ba. Kafin makon nan muhawarar ta wasa ce zalla. Wannan ya ce kocin ya ƙi canza 'yan gaba, duk sun yi nauyi. Wancan ya ce ku da ba ku taɓa sayen ko ruwan leda ba ku ne masu bakin kora. Wani ya ce a kawo koci daga Legas, wani ya ce da me za a riƙe shi, da kunun tsamiya? Har dariya nake yi.

Ranar Alhamis Zaharaddini ya saki saƙon murya. Shi ne mataimakin Umair, kuma kowa ya san kujerar yake hange. Na saurara a bayan kanta, na rage sauti.

“Jama'a, ni ban ce komai ba, kuma ba na zargin kowa. Amma tambaya nake. Mutum ba ya tasowa haka kawai da littafi ya zo yana tambayar ƙwaya. In babu rami me ya kawo zancen rami? Sannan ku tambayi duk ɗan acaɓan Ƙofar Doka, sau nawa ake ganin babur ɗin Koci a ƙofar kyamis a mako? Bandeji ne ba ya ƙarewa? Mu dai 'ya'yan mutane ne a hannunmu. Shi ke nan maganata.”

Zuwan da yake yi wurina shi ne ya zama shaida.

Daga nan babu wanda ya sake zancen Kano ko Jos. Kafin Magariba dattijo ɗaya ya zama biyu. Safiyar Juma'a sun zama jami'ai uku daga Kaduna, Vespa ta zama baƙar mota mai duhun gilashi. Waɗanda suka ga Baffa da idonsu suka yi ta cewa mutum ɗaya ne, babu mai sauraro. Ɗaya daga cikin ukun da ke bayan Umair a kwamiti ya rubuta cewa shi kam ya janye, rashin nasara daban, tarbiyya daban.

Juma'a bayan an sauko masallaci wani mai karɓar riga ya zauna a zaurenmu ya kwashe labarin duka ya ba Baba, da jami'an da motar da komai. Bai ambaci sunan kyamis ɗin ba, Allah ya rufa min asiri. Da Baba ya shigo ciki ko hularsa bai cire ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce da Umma, “Zuwaira, maganar yaron nan a ajiye ta. Yaya ya tambayi yara, yara sun rufa wa ubangidansu asiri. Hukuma ba ta bin mutum a banza. Gobe za su sallame shi, in sun sallame shi mun huta da dogon bayani.”

Umma ta dube ni, na dube ta. Ita ba ta gane ba. Ita ma jami'ai uku ta ji. A duk faɗin Zariya ni kaɗai ce ke riƙe da bakin zaren biyu, kuma na sake yin shiru.

Asabar da safe na saka atamfata ruwan goro da hijabi baƙi, ko hoda ban shafa ba. Wajen ƙarfe sha ɗaya na ji tsayuwar babur. Bai shigo inda ya saba ba, can nesa ya ajiye shi gaban mai faci, ya tako da ƙafa yana waige-waige kamar ɓarawo. Rigar atisayensa ce shuɗiya a jikinsa, usur na rataye a wuya, idanunsa sun yi ja.

“Likita.”

“Sannu da zuwa, Koci. Bandeji?”

Ya yi ɗan murmushi da bai kai ido ba. “Yau yara tara kawai suka zo. Iyaye uku sun aiko da kansu, wai kada in sake kiran 'ya'yansu a waya. Ɗaya daga cikin yaran ni na kai shi asibiti a bayana lokacin da ƙafarsa ta karye.”

Na kama goge kwalaben da ba su da ƙura.

“Kin san wani abu? Da a kan wasa za su kore ni, wallahi da kaina zan miƙa musu usur. An ci ni sau huɗu, gaskiya ne. Zaharaddini ma yana da gaskiya a kan 'yan gaba, na riƙe su don sabo. Wannan duk zan ɗauka. Amma ƙwaya? Wace makaranta ce za ta ɗauke ni ko gadi bayan wannan? Wane uba ne zai ba ni 'ya?” Ya dube ni. “Malam ya ji?”

Na gyaɗa kai.

“Me ya ce?”

“Ya ce... a jira.”

Ya dubi ƙasa ya ce, “Da zan ga dattijon nan, ba faɗa zan yi da shi ba. Ƙafarsa zan kama in ce ya zo ya faɗi abin da aka gaya masa. Yana da shi a rubuce.”

Wata mata ta shigo sayen maganin zazzaɓi, ya matsa ya ba ta wuri, ya ɗaga min hannu ya tafi. Na bi bayansa da kallo har ya tayar da babur. Na ba matar canji ba daidai ba, ita ta gyara min. Ana kiran Azahar na rufe kyamis ba tare da na gaya wa mai shi ba.

An yi ruwa da safe, lungunmu duk caɓi. Ina shiga na ga Vespa a jingine, tayoyinta jajir da laka. Baffa ya dawo.

Wanda ba ɗan birni ba ba zai gane abin da na yi ba. 'Ya mace ba ta tsayawa a zaure. Wucewa take yi da sallama, kai a ƙasa. Balle ta yi wa mahaifinta zancen aurenta baki da baki. Tun da aka haife ni ban taɓa yi ba. Na cire takalmi, na durƙusa a bakin tabarma.

Baba na zaune da farar shadda a cinya, tabarau a kan hanci. Baffa na gefe yana shan fura. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sunan mahaifiyarsa ne.

“Uwata, lafiya? Wuce ciki.”

“Baba, magana ce da ni.”

“Ki gaya wa uwarki.”

“Ba za ta jira ba, Baba. Ƙarfe huɗu da rabi za su zauna.”

Allurar ta tsaya. Ya dube ni ta saman tabarau. “Au, har kin san lokacin zamansu? Na ce an ajiye maganar nan. Ruwa ba ya tsami banza.”

Na ce, “Mu muka tsamar da shi, Baba. Babu jami'ai. Babu mota. Baffa ne.”

Baffa ya ajiye ludayi. “Ni ne me?”

Na ciro waya, na buɗe saƙon ranar Talata, na karanta musu: farin gemu, babbar riga, Vespa, ka tabbata, za ka iya maimaitawa a gaban kowa. Sannan na kunna muryar Zaharaddini. Da aka zo wurin kyamis na so ƙasa ta tsage. Na ga jijiyar goshin Baba ta tashi.

Baffa ya dafe kai. “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ne jami'ai ukun?”

“Yaya, da littafi ka je?”

“To da me zan je? Shekara talatin da ɗaya ina kotu, ban taɓa karɓar magana ban rubuta ba.”

“Bincike ake yi kamar hira, Yaya! Ka sayi rake, ka zauna, ka ce yaron nan kuwa ɗan wane ne. Kai ka je ka kafa musu shari'a!”

“Kai da ka iya me ya hana ka zuwa? Kana nan kana soka allura!”

Sannan Baba ya juyo kaina. “Ke tun yaushe kika sani?”

“Talata.”

“Talata.” Ya maimaita a hankali. “Kwana huɗu ana cin naman bawan Allah, kina da wuƙar yanke maganar, kika zauna a kanta. Jiya a gabanki na zarge shi, kika bar ni na ɗauki zunubi na shiga da shi sallar La'asar.”

Hawaye suka zubo min. Ban kare kaina ba, babu abin karewa.

Baffa ya miƙe yana kakkaɓe riga. “Zan je in gaya musu. Hakki ne a wuyana.”

“Ka ce musu me?” in ji Baba.

“In ce binciken aure na je.”

“Su ce auren wa?”

Baffa ya daina kakkaɓe rigar, Baba ya ci gaba.

“In ka ƙi faɗa, su ce ƙarya ce, kocin ne ya yi hayar tsoho. In ka faɗa, sunan 'yata ya shiga wayar mutum ɗari biyu, har da zancen kyamis. Sannan su tambaye ka, to Malam, da kuka bincika kun ba shi? Ka ce a'a, muna tunani. Ka ga ka ƙarasa shi ke nan. Duk wanda ya ji zai ce gidan yarinyar ma sun gano wani abu.”

Baffa ya koma ya zauna. “Wato babu abin da zai wanke shi sai a ce an ba shi.”

“Shi ne. Kuma ni ba a yi min haka. Ban gama roƙon zaɓin Allah ba. Ba za a sa ni in ba da 'ya a tsaye, a gaban kwamitin ƙwallo, ga mutumin da ko an wanke shi ana iya kora don an ci shi sau huɗu.”

Ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da ɗinki.

Na duba agogon waya, uku da rabi. Na matsa da gwiwa har na taɓa bakin shaddar.

“Baba, ban ce ka ba shi ni ba. Wallahi in ka ce a'a bayan yau, ba za ka ji bakina ba. A faɗi sunana. A ce ni ce yarinyar kyamis, wurina yake zuwa, mu ne muka ƙi shi don talaka ne, ko don ni ce ba ta so. A ce komai. Ni a zage ni. Shi mahaifiyarsa a ɗakin kwamiti take kwana.”

“Ki yi min shiru.”

“Baba, kai ka ce mana wanda ya ɓata rigar mutum shi ke warwarewa, ko zai kwana bakwai...”

“Na ce ki yi min shiru!”

Na yi shiru. Daga soron ciki ina jin shessheƙar Umma. Allura na shiga tana fita. Na ƙirga, ta shiga sau goma sha tara. A ta ashirin ya soki yatsansa, abin da ban taɓa gani ba. Ɗigon jini ya fito, ya yi sauri ya janye hannu kada ya taɓa farar shaddar. Ya zauna yana kallon yatsan.

Ladan ya kira La'asar.

“Yaya,” in ji shi, bai ɗago ba. “Abin da ka rubuta, ka yarda da shi?”

“Mutum goma sha ɗaya, Nasiru, kowa shi kaɗai. Ban taɓa ganin shaidun ƙarya sun haɗu haka ba.”

“In 'yarka ce?”

“Da na ba shi tun Litinin.”

Baba ya naɗe rigar a hankali, ya soke allurar a hularsa. “In sun kore shi a kan ƙwallo, ruwansu. Mai jan salla ba ya rasa abin yi, ko buga riga ne zan koya masa. Amma ba za a kore shi da ƙazantar da ta fito daga zaurena ba.” Ya miƙe. “Ɗauko littafin naka. Mu yi salla mu wuce. Ni zan yi magana, kai ka karanta. Kuma kada ka ce wa kowa ya maimaita.”

Ya wuce ta gefena bai dube ni ba. A bakin ƙofa ya tsaya.

“Ke kuma ban yafe miki kwana huɗun nan ba tukuna. Ba nawa ba ne balle in yafe.”

Huɗu da kwata na ji tashin Vespa. Na leƙa ta ƙofar zaure na ga dattijai biyu a kanta, Baba a baya ya tattare riga, suna kauce wa caɓi. Na ruga ɗaki na faɗa kan katifa da hijabina. Na buɗe waya. Yanzu da komai ya warware, bakina ya buɗe. Haka matsoraci yake, sai an kashe maciji yake fitowa da sanda.

Na rubuta wa Umair duka. Dattijon Baffana ne. Binciken aure ne. Sakamakon ya yi kyau. Ga su nan tafe shi da Baba, za su faɗa a gaban kwamiti, kuma Baba zai ce ya ba ka. Na ƙara da alamar kuka da ta zuciya, na tura.

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa.

“Yaushe kika gane shi ne?”

Na so in ce yau. Wallahi na so. Amma Baba ya sani, Baffa ya sani.

“Talata.”

Sannan saƙonni suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya.

“Jiya mahaifiyata ta ɗauko Alƙur'ani ta ce in dafa in rantse mata ba na sha. Tana kuka. Shekarata talatin da huɗu, ban taɓa ganin ta yi shakkata ba sai jiya.”

“Yau da safe na tsaya a gabanki na ce zan kama ƙafar mutumin. Kina goge kwalba.”

Na rubuta, “Ka yafe min, tsoro na ji.” Na rubuta, “Umma ce ta rantsar da ni.” Na rubuta, “Don Allah, Umair.” Na kira, ya katse. Na sake kira, ya katse.

“An fara zama. Ina bakin ƙofa, ba a kira ni ba tukuna. Ga Vespa can ta shigo layin.”

“Zan tare su kafin su shiga.”

Na tashi zaune. “Me za ka ce musu?”

Ya karanta. Bai amsa ba.

“Umair, me za ka ce wa Baba?”

Alamar saƙon ta koma shuɗiya, ya karanta, babu amsa. A tsakar gida Inna Kande, da labarin Baba zai ba shi ni ya riga ya kai mata, ta rangaɗa guɗa.